Kafin ki kai tarkacen yaron nan bola

Maganar yaye da muka faro za ta jira mu zuwa mako mai zuwa in Allah ya kai mu, domin wani saƙo ya shigo mini daga Dole Kaina, can bakin kogin Neja a jihar Kebbi, inda ƙasarmu ke gogayyar kafaɗa da Nijar da Benin. Mai saƙon ta ce maigidanta ya ba ta wa'adi zuwa Juma'a, shi ya sa na sa nata a gaba.

Ɗanta ne mai shekara 13, yana aji biyu a ƙaramar sakandare. Tun ranar da ya kalli wani fim na yaƙin sararin samaniya a wayar kawunsa, ya ƙudurta sai ya ƙera irin jirgin da ya gani a ciki. Wata huɗu ke nan ana abu ɗaya. Murfin fulas ɗinta ya yi ɓatan dabo, bayan tsohuwar rediyon babansa ya bi sahu, cokulan roba da duk biron da ya ƙare a gidan sun koma kusurwar ɗakinsa. Baban ya ce ko dai ta share, ko shi ya ƙyasta wa abin ashana, yaro ya bi shi gonar shinkafa kamar sauran sa'o'insa. Ta rufe da tambaya da harshensu na can: "Hajiya, wanga abu wasa na, ko wani abu na yat taɓa min ɗa?"

Ta haɗo da hoto, kuma na daɗe ina kallonsa. Abu ne zagayayye kamar an kifa faifai a kan faifai, gabansa da ƙahoni biyu irin bakin awartaki, ɗakin matuƙi na maƙale a gefen dama. Duk wanda ya taɓa kallon fim ɗin Star Wars zai gane shi tun daga nesa, jirgin nan ne da ake kira Millennium Falcon.

'Yar uwa, kwantar da hankalinki, babu abin da ya taɓa miki ɗa. Jirgin da ya gani a fim ɗin ma da hannu aka ƙera shi, kuma da tsince-tsince irin nasa.

Ga yadda aka yi. A 1975, mai shirya fim ɗin, George Lucas, ya rasa inda za a yi masa irin hotunan da yake so. Sai ya tara wasu matasa a wani tsohon sito a unguwar Van Nuys da ke Los Angeles a Amurka, aka kafa kamfanin Industrial Light & Magic. A lokacin kwamfuta ba ta kai ta zana jirgi ya fito kamar gaske ba, dole sai an ƙera ƙaramin samfuri an ɗauke shi a hoto. Da fim ɗin ya fito a 1977, abin da ya fara girgiza 'yan kallo shi ne wani ƙaton jirgi da ya ratso ta saman majigi, yana ta wucewa, yana ta wucewa, ya ƙi ƙarewa, kai ka ce gari guda ne aka ɗaga sama. Tsawon abin da aka ɗauka a hoton bai wuce ƙafa 3 ba. Ko dardumar sallah ba zai cika ba. Shi kuma Falcon ɗin da ɗanki ke kwaikwayo, na farkon da suka yi kusan ƙafa 5 ne.

Jirgin ma ba ya motsi. Kafe shi suke yi a kan sanda a gaban shuɗin labule, kyamara ce ke tafiya a hankali a kan wani ɗan layin dogo tana wuce shi. Wani mai suna John Dykstra ne ya jagoranci haɗa wannan kyamara. In aka haska fim sai ido ya rantse jirgi ne ke gudu. Ku mutanen bakin ruwa kun fi kowa sanin wannan: in kina zaune cikin kwale-kwale, ai gaɓa kike gani tana tafiya.

Inda labarin ya fi kama da na ɗanki shi ne wajen adon jikin jirgin. Akwai kayan wasa na roba da ake sayarwa a kwali a ƙasashensu, gutsi-gutsi, mutum ya zauna ya haɗa tankar yaƙi ko jirgin ruwa ko motar tsere. Waɗannan matasa suka sayo su jibgi, ba don su haɗa ba. Zazzage su suka yi a tebur, suna tsintar marfin injin nan, bututun can, ƙafar tanka, suna mannawa a jikin jirgin sama. Akwai wani jirgin da suka kifa wa ƙoƙon robar da ake sayar da safar mata a ciki, ya zama gaban injinsa. A wani fim ɗin na jerin da ya fito a 1999, cincirindon 'yan kallon da ke zaune a filin tsere tsinken goge kunne ne aka shafa wa fenti kala-kala, aka jera, ana hura musu iska daga ƙasa don su riƙa ɗan motsi. Tsinken goge kunne fa, irin wanda ke cikin jakar jaririnki.

Me ya sa suke wahalar manna duk waɗannan ƙananan abubuwa? Saboda ido da yawan ƙananan abubuwan da ke jikin abu yake auna girmansa. Dubi tirela a tsaye: ƙusoshi, wayoyi, ƙofar tanki, lamba, tsatsa, inda aka yi walda, inda mai ya zuba. Yanzu dubi motar roba ta kanti, sumul, tana ƙyalli. Ko a hoto aka nuna miki su girmansu ɗaya, nan take za ki ce wannan ta wasa ce. Yaron da ya fara manna ƙoƙon biro da guntun waya a jikin faifansa ya gano wannan sirri da kansa, babu wanda ya zaunar da shi ya koya masa. Wannan kaɗai ya isa a tsaya a dube shi da kyau.

Har yau kuma akwai manyan mutane a Amurka da Ingila da Japan, wasu da furfurarsu, da ke kwashe shekaru suna sake ƙera waɗannan jirage daga tushe, daidai girman na ainihi. Sukan samo tsofaffin hotunan da aka ɗauka a siton nan, su faɗaɗa su, su bi kowane ɗan gutsure har sai sun gano daga kwalin wace tanka ya fito, sannan su shiga neman wannan kwali na shekarun 1970. Abin da ya gagara samuwa su sassaƙa shi da hannu. Na ainihin kuwa sun zama dukiya. A watan Oktoba na 2023 an yi gwanjon wani ƙaramin jirgin yaƙi na fim ɗin farko, mai tsawon inci 20, a birnin Dallas, aka saye shi a kan sama da dala miliyan 3. A cikin kwali aka tsince shi a kayan wani maƙerin irin waɗannan samfura mai suna Greg Jein bayan rasuwarsa. Jirgin wani shirin kuma, Star Trek, mai ƙafa 11, tun 1974 yake hannun gidan adana kayan tarihin jiragen sama da ke Washington.

Kada ki ji dala miliyan 3 ki fara lissafin gina bene. An sayi wancan ne domin shi ne ainihin wanda ya fito a fim. Na kawo zancen don ki san a wani wurin kwalin tarkace irin wanda ke kusurwar ɗakinki ba tsintsiya ake kai masa ba.

Mu ma ai ba baƙin abin ba ne. Wace ce a cikinmu ba ta tashi ta ga yayyenta maza suna fere ɓawon kara su mai da shi ƙusa, su soka a totuwa, kafin la'asar mota ta fito har da bodi ba? Ga motar langa-langa mai tayar silifa da dogon sitiyarin waya. Ga shanun laka da ake jerawa a rana a bakin rafi. Mu mata kuwa da gwangwanin madara da na tumatir muke haɗa wa 'yar tsana jere, har da gado mai rumfa. Sha'awar sama ma ta daɗe a cikinmu. Da Amurkawa suka sauka a duniyar wata a 1969, marigayi Mamman Shata waƙa guda ya yi wa kumbon Apollo 11, kuma har gobe ciwon idon nan da ya ɓarke a wannan shekarar Afolo muke ce masa. A shekarar ce kuma aka buga littafin Umaru Dembo, Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaron da aka tafi da shi yawon sararin samaniya. Abin da ya canza kawai shi ne yaron yau yana da waya, zai iya tsayar da fim cak ya ƙura wa jirgi ido yadda ya so. Yaron bakin iyaka kuma ga kaya a gabansa. Duk abin da ke kai da komo tsakanin Kamba da Lolo da Gaya da Malanville a cikin kwali ko roba ko jarka yake zuwa, in an kwashe kaya mazubin ya zama na yara.

To yaya za ki gane ko wasan yara ne da zai wuce da kansa, ko kuwa hannun sana'a ne ke tsirowa? Tambaya ɗaya za ki yi masa, cikin raha, ba da muryar tuhuma ba. Ki nuna ƙahon jirgin ki ce: "Ya aka yi ka san tsawon da za ka yanka wannan?"

In ya ce da ido ya duba, to har yanzu wasa yake, kuma babu laifi a wasa. In kuwa ya ɗauko tsinken tsintsiya ya nuna miki yadda ya gwada a fuskar waya, ya ninka, ya sa alama a kwali, to ki gyara zama. Awo shi ne iyakar da ke tsakanin wasa da sana'a. Tela, kafinta, mai walda, magini, masassaƙin jirgin ruwa, injiniya, duk da awo suke cin abinci. Su ma matasan can na siton Van Nuys ba haka kawai suke manne-manne ba. Sai an zana jirgi a takarda, ta gaba da ta gefe da ta sama, an fitar da awon kowane ɓangare, sannan a taɓa wuƙa.

Abin ba wuya gare shi ba, ke ma za ki iya nuna masa ko da rabon ki da aji ya kai shekara 20. A tsayar da fim a inda jirgin ya fito sosai, a ɗauki hoton fuskar waya. A ɗora rula. A ce faɗin faifan jirgin a waya santimita 6 ne, nasa faifan na kwali kuma santimita 48. Sau nawa 6 za ta shiga 48? Sau 8. Shi ke nan, daga yanzu duk abin da ya auna a waya sai ya ninka shi sau 8. Ƙaho ya ba da santimita 2, nasa zai zama 16. Ɗakin matuƙi ya ba da 1, nasa 8. Wannan shi ne lissafin da malaminsa ke rubutawa a allo yana hamma, ga shi ya biyo shi har ɗaki. Na sha ganin yaron da ake cewa ba ya gane lissafi, amma in kan abin da yake so ne, sai ki ga ya raba ya ninka a ka kafin ki lalubo kalkuletar waya.

Shawarar da zan ba ki, wadda nake ganin za ta taimaka har wajen babansa, ita ce kafin ya ci gaba da jirgin da ba zai taɓa iya dafawa ba, ya ƙera wanda ke gabansa. Ya ɗauki igiya ya je mashiga, ya gaida mai kwale-kwale, ya nemi izini ya auna. A ce tsawon jirgin mita 12 ne, faɗinsa mita 2. In ya raba komai gida 20, nasa zai zama santimita 60 a tsaye, 10 a faɗi. Filafili mai mita ɗaya da rabi zai dawo santimita 7 da rabi. Ya ƙirga katakan zama, ya dubi yadda goshin jirgin ya ɗaga, inda aka toshe da tsumma da kwalta, inda ake ɗaura inji. Amfanin wannan shi ne akwai masu gyara masa. Jirgin fim babu wanda zai ce masa ya yi kuskure a duk faɗin garin. Kwale-kwale kuwa, kowane tsoho a bakin ruwa zai ɗaga shi ya juya ya ce, "Yaro, gindin nan ya yi faɗi, wannan ba zai yanki ruwa ba." Yaron da ya ji haka ya koma ya warware ya sake, ba tare da ya yi zuciya ba, ya samu abin da ya fi jirgin daraja.

A hoton da kika turo na lura ƙahon hagu ya sunkuya. Dalili shi ne ya yi gaggawar ado tun bai yi ƙashi ba, nauyin tarkacen ya rinjayi kwalin. Haka yara suke, kwalliyar ce ke jan su. A jere ake bin aikin: ƙashi tukuna, da siririn katako ko gora ko wayar tayar keke, sai a lulluɓe da kwali ko roba, sai ado, fenti a ƙarshe. Ki ce masa ko tela sai ya gama yanka da haɗi yake kai riga wajen mai aiki. In kuma kin ga komai bibbiyu yake ɓacewa a gidan, murfi biyu, cokali biyu, ba mugunta ba ce, abin da ya manna a dama dole ya nemo ɗan uwansa na hagu.

Kayan da yake bukata daga gare ki ba su da yawa: rula, fensir, almakashi mai kyau, da littafin lissafi mai gida-gida da zai riƙa zane a ciki. Littafin nan ya fi komai. Duk abin da zai ƙera, ki ce sai kin ga zanensa da awonsa tukuna.

Na san tambayar da ke zuciyar kowace uwa: ina abin zai kai shi? A nan jiharku akwai misali. Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato, a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi, wadda yanzu ake kira Waziri Umaru, ya karanci zanen gine-gine. Daga baya ya tafi birnin Detroit ya koyi zanen motoci, ya gama a 1994, kamfanin General Motors ya ɗauke shi. Shi ya zana siffar motar Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya a 2007, kuma a 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar da ke kula da tsarawa da bunƙasa ƙera motoci ta Najeriya. A irin kamfanonin da ya yi aiki, har yau sai an mulmula mota da yumɓu, an kankare, an shafe, an zagaya ta an duba, kafin a yanka ƙarfe ko guda. Shanun lakar nan dai da muke kora yara a kansu.

Akwai kuma Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano, da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu a 2007 da injin Honda Civic da kujerun tsohuwar Toyota, har ya ɗaga daga ƙasa 'yan ƙafafu, jaridun duniya suka ɗauka. Irin wannan labari yana da daɗin ji, sai dai ina jin tsoron abin da yake sa mu yi wa yara. Da zarar yaro ya ƙera wani abu sai a taru a kansa: "Yana tashi? In ba ya tashi mene ne amfaninsa?" Sai yaro ya shiga neman inji da fetur da farfela, abin da zai iya raba shi da yatsu. Jirgin da aka saya dala miliyan 3 bai taɓa tashi ko taƙi ɗaya ba. Aikinsa ya yi kama da gaske, kuma ya yi.

Ba kuma zan ce miki duk yaron da ya manna murfin kwalba zai zama Jelani ba. Mafi yawansu ba za su zama ba. Amma wanda ya iya awo, ya iya zane, ya iya zama a kan abu ɗaya wata huɗu, ko a Aliero ya samu gurbin karatun injiniya, ko a garejin walda ya ƙare, ko gonar shinkafar ce ta riƙe shi, zai fi sa'o'insa. Injin ban ruwa ma ai mai irin wannan hannun yake nema ranar da ya ƙi tashi. In 'yarki ce ke da wannan hannu, duk abin da na faɗa ya hau kanta, kada a ce mata aikin maza ne a miƙa mata tsintsiya.

Yanzu ga inda nake so ki sa ido sosai, domin tarkace ba duka ne na taɓawa ba.

Jarkar da aka taɓa zuba fetur a ciki, ko ta bushe ƙaraf, tururin man na nan. Yara kuma da wuƙar da aka gasa a wuta suke yanka roba. Wuta da wannan tururi in suka haɗu, fuska ce a gaba. A garin da jarka ta fi kujera yawa, wannan shi ne abu na farko da za ki haramta. Na biyu gorar maganin feshi ta gonar shinkafa. Tana da kauri, tana da kyawun siffa, dole ta ba yaro sha'awa, amma wanki ba ya raba ta da guba, kuma yaro da haƙori yake riƙe abu in hannu ya cika. Na uku batirin tsohuwar waya, in aka huda shi ko aka lanƙwasa yana iya kamawa da wuta. Sai ƙaramin batirin nan mai kamar maɓalli, na agogo da na fitilar wasa. Shi babban ba zai haɗiye ba, ƙaninsa mai rarrafe ne abin ji. In ya maƙale a maƙogwaro yana iya ƙona wurin cikin awa biyu. Ko zato kika yi an haɗiye, asibiti kai tsaye, kada a tsaya ba da manja ko sa yaro amai.

Sufa gulu kuma, ɗan bututunsa na kama da na maganin ido, kada su kwana a waje ɗaya. In ya zuba da yawa a kan auduga ko rigar auduga zafi yake ɗauka har ya ƙona fata. Gasa bututun roba na famfo don a miƙar da shi, in ma za a yi, a tsakar gida ne inda iska ke kaɗawa, ba a ɗaki ba. Sirinji da duk wani abin da ya fito daga bolar asibiti ko kemis, babu shi babu su. In langa-langa mai tsatsa ta yanke shi, a wanke da ruwa da sabulu, a je a tambayi ma'aikacin lafiya batun allurar cutar sarƙe haƙora, wadda suke kira tetanus, kada a tsaya shafa toka ko man birki.

Sai maganar maigida. Yana da gaskiyarsa, kada ki shiga tsakaninsa da ɗansa kamar lauya. Uban da ke tashi da asuba ya shiga fadama, ya dawo ya tarar da ƙato zaune yana manna cokali a kwali, dole ransa ya sosu. Kuma yaron ya yi laifi guda da ba za a rufe ba: ɗaukar abu ba tare da tambaya ba. Murfin fulas da bayan rediyo ba tsintuwa ba ne. Wannan ki tsaya a kansa, ya ba babansa haƙuri, daga yau abin da ba a ba shi ba ko bai tsinta a yashe ba, ba nasa ba ne.

Bayan nan ki sami baban shi kaɗai, bayan ya ci ya sha, ba a gaban yara ba. Kada ki fara da Amurka da dala. Ki kawo masa sharaɗi ne, domin maza sun fi jin magana in da sharaɗi a ciki. Gona tana nan, ranar da ya ce a tafi za a tafi. Makarantar boko da ta allo suna nan, in sakamako ya yi ƙasa a rufe kwali sai hutu. Tarkace duka a kwali ɗaya mai murfi, abin da ya kwana a waje na tsintsiya ne. Aiki kuma bayan la'asar, kiran magariba a tattara. Sannan ki ce kin sa shi ya fara ƙera kwale-kwale, kina so baban ya duba masa in ya yi daidai. Da wuya uba ya ƙona abin da aka nemi ya sa wa ido.

In kuma damuwarsa ta addini ce, cewa ana ƙera siffa a gida, malamai sun bambanta mai rai da marar rai. Ya zo a ingantaccen hadisi cewa Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, ya ba wani mai sana'ar zane shawarar ya koma yin itatuwa da abubuwan da ba su da rai. Jirgi da mota da gida suna wannan sahun. Ku tambayi malamin unguwa don zuciya ta natsu.

Saura fenti, wanda shi ne zai sa ki daina ganin murfin fulas ɗinki. Yanzu jirgin ja ne da kore da shuɗi, kowane gutsure na shelar inda aka samo shi. Ya shafe shi duka da launi ɗaya, ruwan toka mai haske, siriri, kada ya cike ƙananan ramukan. Da zarar ya bushe, biro ya daina zama biro, ya koma bututun inji. Daga nan sai datti, domin Lucas da kansa ya nace jiragensa su fito kamar an daɗe ana wahala da su. Ya kankaro baƙin tukunya ya dama da ruwa, ya shafa ya goge da tsumma, baƙin zai zauna a lunguna. Ɗan jan ƙasa a inda tsatsa za ta fito, ɗan zane da bakin ƙusa a inda aka gogi wani abu.

In an gama, a jira dare. A rataye shi da zaren fatsa a gaban baƙin hijabi, a kashe kowace fitila, a bar tocila ɗaya tak tana haskawa daga gefe, domin a sama rana ɗaya ce, inuwa kuma baƙa ƙirin take. Mai riƙe waya ya durƙusa ƙasa da jirgin, ya ɗan ja baya kada hoton ya yi dishi-dishi, ya riƙa matsowa a hankali yana wucewa ta ƙarƙashinsa, jirgin na nan a tsaye. Daƙiƙa 10 ta isa. Wannan bidiyon za a fara nuna wa baban, kafin a nuna masa kwalin da ya fito daga ciki.

Iyayen da ke da irin waɗannan yara, maza ko mata, ku faɗa mana a ƙasa me suke ƙerawa, da me kuma ya ɓace muku a kicin. Sai mako mai zuwa, mu koma kan yaye.